Shafi Uku na Gaisuwa

Ni dai tun daga Legas na fara gane cewa tafiyar nan ta fi ƙarfin bakina. A Minna ni ne mai baki. Duk majalisar da na zauna a Tudun Wada sai an yi dariya, kuma 'yan bidiyon barkwancin da muke ɗauka da waya ni ke tsara su, a tsaye, da baki: kai shigo ta nan, kai ka ce kaza, kai kuma ka faɗi ƙasa. Ɗaya daga cikinsu Ishaku abokina ya tura wa wata makarantar koyon fim a Akra, ƙasar Gana, da ya ga suna neman matasa don kwas ɗin hutu na sati huɗu a kan rubuta labarin fim. Shi ya cike fom, shi ya zuba Turancin. Suka ɗauke ni kyauta.

Sai dai gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, ni ban taɓa gama komai ba a rayuwata. Makaranta na bar ta a aji uku na sakandare. Ɗinki, wata huɗu. Gyaran waya bai kai haka ba. Keke Napep ne na ɗan jima, har ranar da na ajiye shi a bakin Kasuwar Kure na tafi kallon ƙwallo, ban sake komawa ta kansa ba. Babana kuwa gyaran keken ɗinki yake yi a kasuwar, rumfa ɗaya tun kafin a haife ni. Da na ce masa zan je Gana sati huɗu, cewa kawai ya yi, "To, Sabitu. Ma gan ka a sati na biyu." Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta tsaya min a wuya. Na rantse a raina ko mutuwa zan yi sai na kai ƙarshen wannan.

A tashar Legas direban ya dafa ƙirji ya ce motarsa har Akra, ba sauka. Muna shiga Kwatano, ƙasar Benin, ya faka a wani lungu ya ce kowa ya fito. Ashe sayar da mu ya yi wa wani direban. A mota mai ɗaukar mutum bakwai aka cusa mu mu goma sha ɗaya, da buhun busasshen kifi a kan cinyata. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna ba wanda zai ji me nake cewa. Faransanci ake ta yi a kaina. Ni da ba a taɓa rufe min baki ba, na yi tsit kamar an ɗauke wuta.

A wannan hanyar na fara ganin teku. Wallahi na ɗauka sama ce ta sauko ta kwanta. Na riƙa taɓa na kusa da ni ina nuna masa, shi kuwa ya kalle ni ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

Lome ta ƙasar Togo ce ta yi min illa. Mun sauka sallar azahar, ina neman ruwan alwala, sai na ji an ce, "Ɗan'uwa, ga buta." Da Hausa! Kwana biyu rabona da jin Hausa. Mutum ne kamili, farar jallabiya, da tabon sallah a goshi. Kafaɗa da kafaɗa muka yi sallah. Ya tambaye ni daga ina, na ce Minna, ya ce ai ya taɓa cin doya a Minna, mutanen kirki. Ya ce layina na Najeriya ba zai yi aiki a gaba ba, in kawo wayar ya sa min na nan a shagon ƙaninsa, ga shi can. Na miƙa masa. Bai daɗe ba ya dawo da ita, ya ce in bar ta a kashe sai mun tsallaka boda. Har addu'ar sauka lafiya ya yi min, na shafa.

Bayan mun tsallaka na danna, shiru. Na cire rigar wayar. Rigar tawa ce, wayar ba tawa ba ce. Wata matacciya ce mai fasasshen baya.

Na daɗe ina kallonta. Ba wayar ce ta dame ni ba kamar abin da ke ciki. Makarantar ta ce kowa ya zo da labarin da zai rubuta, ni kuma nawa da baki na ɗauke shi, dogon sauti, da muryar kowa da kowa, har da kukan akuya. Ga bidiyoyina duka, ga lambobin mutane. Na shiga Akra ba ni da komai sai jaka da abin da ya rage a kaina.

A ƙofar makarantar na tambayi maigadi ina ɗakin kwananmu. Ya karɓi takardata ya sa yatsa a kan wani layi can ƙasa. Makaranta ba ta ba da masauki. Ishaku bai karanta min wurin ba, ni kuma ban tambaya ba. Na zauna a kan jakata a bakin titi. Maigadin ya gaji da ganina, ya zo ya ce da Turancinsa, "Kai Bahaushe ne? Tafi Nima, mutanenku na can." Shi ya tare min mota ya gaya wa kwandasta inda zai sauke ni.

Nima zango ne, unguwar Musulmi, Hausa ko ta ina amma wata iri, mai kama da ta mutanen da ke kawo doya Kure. Bayan abin da ya same ni a Lome, duk wanda ya ce min ɗan'uwa sai in ƙanƙame jaka. Yunwa ce ta kai ni gaban wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake, Hajiya Laraba. Ta zuba min, ta tsaya tana kallon yadda nake ci.

"Kai yaro, korarka aka yi ko gudowa ka yi?"

"Karatu na zo, Hajiya."

"Karatu da wannan cin? Ina za ka kwana?"

Na kalli jakata. Ta juya ta ƙwala wa mijinta kira, wani tsoho dogo da ke zaune a kujerar roba yana sauraron rediyo. Baba Sule sunansa, tsohon direban babbar mota. Da ya ji Minna sai ya rage rediyon ya ce, "Har yanzu jirgin ƙasa na ratsa garin naku?" Na ce wani lokaci. Ya ce, "A ba shi sito." Haka na samu ɗaki, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai. Sharaɗin Hajiya ɗaya ne, in ɗora mata manyan tukwane a kan murhu kullum da safe kafin in tafi.

Aji kuwa, ranar farko na so ƙasa ta tsage in shige. Mu goma sha biyar, kowa da kwamfutarsa a cinya, wasu sun gama jami'a, ni da biro da littafin aji. Malamarmu Madam Esi, 'yar gajeriya, ba ta ɗaga murya, amma jan bironta ya fi bulala. Ta ce shafi ɗaya na rubutu minti ɗaya ne a fim. Na ce a raina, au, abin har da awo? Ta ce ba a rubuta komai sai abin da kyamara za ta gani ko ta ji. Ta ce satifiket na wanda ya kawo shafi goma ne, ta amince da su, 'yan wasa suka karanta a gaban kowa ranar Juma'ar ƙarshe. Ni ta yi min sassauci ɗaya: maganar mutane in rubuta da Hausa in sa Turanci a ƙasa, komai karyewarsa.

Gwajin farko na rubuta, "Yana zaune yana tunanin uwarsa." Ta zagaye shi da ja.

"Sabitu, kyamararku ta Najeriya tana shiga cikin kai?"

Aka yi dariya. Ni da ke sa a yi wa mutane dariya, yau ni ake yi wa.

Satin farkon nan kewar gida ta kusa kashe ni. Abinci duk tsami, dokunu, tuwon masararsu, safe da rana. Ina jin ƙarar babur sai in waiga in ga ko Keke ne. Masar da ake soyawa a unguwar Limawa nake tunawa har yawuna ya tsinke. Hajiya ta ga na yi zuru ta miƙo min wayarta ta ce in kira gida. Sai a lokacin na gane lamba ɗaya tak na haddace a duniya, ta Babana, don tana rubuce a allon rumfarsa tun ina yaro. Na kira. Na ji "Salamu alaikum" da hayaniyar kasuwa a bayansa. Na kashe. Me zan ce, an sace min waya tun kafin in iso?

Tsohon labarin mai akuya ya ƙi dawowa, sai na kama wani. Wani mutum ya bar gida shekara uku ba labari, ya dawo ya sami ubansa a rumfa. Na zauna a kwamfutar makaranta ina danna harafi ɗaya-ɗaya da yatsa guda. Ina wuni, Baba. Lafiya. Ina gajiya. Lafiya. Ya kasuwa. Lafiya. Ya su Inna. Lafiya. Haka har shafi uku, kuma ni a ganina ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba.

Madam ta karanta, ta ja layi daga saman shafin farko har ƙasan na uku.

"Minti uku," ta ce, "mutum biyu suna tambayar juna lafiya. Ina faɗan?"

"Madam, ai faɗan ke nan."

"A ina?"

"Uban bai tambaye shi komai ba. Ko ya hanya bai ce ba."

"Ni ban ga faɗa ba. In ban gani ba, kyamara ba za ta gani ba. Me yaron yake so? Ya tsaya, ya kalli ubansa ido cikin ido, ya faɗa masa."

Ido cikin ido! Na so in ce mata a garinmu wanda ya yi haka sai a fara neman mai ruƙiyya. Amma Turancin bai zo ba, kuma satifiket a hannunta yake. Na koma na rubuta yadda take so.

Juma'a ta biyu aka kawo 'yan wasa don gwada abin da muka fara. Wani ƙato mai suna Kofi ya ɗauki ɗan, wani dattijo ya ɗauki uban. Kofi ya miƙe tsaye a kan tsohon, ya nuna shi da yatsa, ya daka masa tsawa da Turanci: "Ba ka taɓa yarda da ni ba! Kai ka kore ni da shirunka!" Har da dukan tebur. Aji ya ɗauki tafi. Madam ta gyaɗa kai ta ce yanzu an fara.

Ni kuwa ban tafa ba. Rumfar da na rubuta ta Babana ce, kwalbar man keke tasa ce, har tabarau mai ɗaure da zare nasa ne. Ji na yi kamar na tara baƙi a wata ƙasa, na sa an zagi ubana, an tafa min. Na fita bayan aji na tsaya ina haki. In wannan ne rubutun fim, na ce, a kai kasuwa.

Asabar da safe na ɗora wa Hajiya tukwane, na koma sito na haɗa jakata. Na sani sarai sati na biyu ne. Na sani. Amma ƙafata ta riga ta fara ƙaiƙayin nan da na saba ji, wanda in ya zo ba na jin kira. Na gaya wa Hajiya. Ta dai leƙa ta yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa.

Na je yi wa Baba Sule sallama. Yana zaune ya buɗe bayan rediyonsa yana goge batir. Na tsuguna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya."

"An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Ya ƙafar?"

"Lafiya."

Mutumin da kullum sai ya tsare ni da labarin hanyar Kwantagora, yau ko ɗagowa bai yi ba. Ga benci a gefensa, inda nake zama kullum, amma ya ɗora murfin rediyon a kai. Bai ce tashi ba, bai ce zauna ba. Gaisuwa ta ƙare min, na rasa ta gaba. Gwiwata ta fara zafi, ta koma rawa. Ina kallon hannunsa yana goge batir ɗaya, wanda ya riga ya goge tun ɗazu. Ƙuda ya sauka a kofin shayinsa bai kore shi ba. Wata mai sayen abinci ta kalle mu ta yi sauri ta kau da kai.

A nan tsugune abin ya faɗo min. Matar can mai sayen abinci ba ta ji me muke cewa ba, amma ta ga faɗan. Gwiwa ta gani, da benci, da hannun tsoho. Ni kuma a shafi ukun nan ba gwiwa, ba benci, ba hannu. Lafiya, lafiya kawai na jera, sauran na bar shi a kaina ina jiran Madam ta shiga ta gani. Ashe matar nan gaskiya ta faɗa, ni ma kuma gaskiya na faɗa.

"Ka gama?" in ji Baba Sule. "To, sauka lafiya."

"Baba, ba yau ba."

Sai a lokacin ya ɗago. "Au. To ɗauke min jakar nan daga hanya, mutane na wucewa."

Ranar a kan buhun shinkafa na wuni da biro, ina sake rubuta gaisuwar nan. Uba bai ɗago ba. Yana ɗiga mai a keken da ya riga ya sha mai. Ɗa yana tsugune. Akwai benci, kwalbar mai na kai. Gwiwar ɗa ta fara rawa, ya dafa ƙasa da yatsa biyu. Mai kawo gyara ta zo, ta kalle su, ta juya da kekenta a ka.

Litinin na ajiye wa Madam a tebur, na ce na maido gaisuwata. Ta ɗaga gira, ta cire murfin jan biro. Ta karanta shafin farko biron na sama bai sauka ba.

"Me ya hana shi zama a bencin?"

"Ba a ce ya zauna ba."

"Shekararsa nawa?"

"Talatin."

Ta cire tabarau ta kalle ni. Karo na farko da na ga ita ma an ba ta mamaki. "Kuma zai yi ta tsuguno har sai an ce?"

"Ko zai faɗi, Madam."

Na ɗauka shi ke nan na ci. Ina! Ta ce gaisuwar ta zauna, amma shafi uku ya koma ɗaya da rabi. Ta ce shafi na shida ƙarya ne, na bakwai wa'azi ne, ta ce uwar da na sako ba ta da aikin yi a labarin, in ba ta aiki ko in cire ta. Sau huɗu tana dawo min da shi ja-ja-wur. A na ukun na fito har bakin titi ina zaginta da Hausa, maigadi na ta dariya bai san me nake cewa ba. Ƙafar nan ta yi ƙaiƙayi har ta gaji. Kullum da safe in ɗora tukwane, in hau mota, in je in zauna gaban kwamfuta da yatsana ɗaya.

Juma'ar ƙarshe ɗakin ya cika. Baba Sule ya zo da babbar riga, ya ce yana so ya ga abin da ya sa ake cinye masa shinkafa. Aka zo kan nawa. Kofi ya tsuguna, bai yi rabin minti ba ya tafi da baya, ƙafafu sama. Ɗaki ya fashe da dariya. Na ce Innalillahi, sati huɗu ya tafi a banza, abin kuka ya zama wasan yara.

Madam ta ɗaga hannu. "Sabitu, zo ka yi da kanka. Da yarenku." Ta waiga ta hango babbar riga. "Baba zai taimaka mana?"

Na raɗa masa cewa kalma ɗaya ce tasa, lafiya, sai a ƙarshe ya ɗauke kwalba daga benci. Ya ce, "Wannan ai na iya."

Na tsuguna a gaban mutum sama da hamsin da ba sa jin Hausa. Ina wuni, Baba. Lafiya. Tsohon nan ya ja shirun ya fi yadda na rubuta, ya ja, ya ja, har gwiwata ta fara rawar gaske. Ba ka jin komai a ɗakin sai fanka. Na ce ya su Inna, muryata ta karye, ba kuma da gangan ba. Can ya miƙa hannu, bai kalle ni ba, ya ɗauke kwalbar daga kan bencin ya ajiye a ƙasa.

Ba a tafa nan da nan ba. Wata 'yar Kenya a layin gaba tana share ido da gefen gyale. Madam ta karɓi takardun, ta juya su, ta mayar wa jan bironta murfi ta sa a jaka.

Na iso Minna ranar Talata da la'asar. Ban biya gida ba, Kure na wuce da ƙurar hanya a jikina. Baba na sunkuye a kan wani tsohon keke. Bayan mun gaisa na ciro satifiket ɗin daga ledar da Hajiya ta naɗe min shi, na miƙa da hannu biyu. Ya goge hannunsa a tsumma sosai kafin ya karɓa. Ba ya karanta Turanci. Ya duba gaba, ya juya baya, ya shafa tambarin da yatsa.

"Su suka sallame ka, ko kai ka sallame su?"

"Su suka sallame ni, Baba."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ɗaga ta ya sa a saman kanta, inda mai ba ya kaiwa. Sannan ya nuna min wani ƙarfe a cikin keken ya ce, "Riƙe min nan, kar ya motsa."

Na riƙe. Har ya gama ɗaurewa ban saki ba.